Damagaram: ina za a kai baƙo ya ci abinci?

Motar fasinja da ta baro Yamai da asuba ba ta isowa Zinder sai bayan isha'i, bayan ta cinye kilomita wajen 900 ta Doso, Konni da Maraɗi. Duk wanda ya sauko daga cikinta, ma'aikacin gwamnati ne da aka turo aiki, ɗalibi ne da ya samu gurbi a jami'ar André Salifou, ko ɗan kasuwa, tambaya biyu yake yi wa ɗan kabu-kabun da ya fara cin karo da shi: ina zai kwana, ina kuma zai ci abinci. Ta farko ba ta da wuya, domin otel-otel da gidajen saukar baƙi sanannu ne. Ta biyun ce ke sa ɗan gari ya yi jim, ya sosa ƙeya, daga ƙarshe ya ambaci wani restora da shi kansa bai taɓa zama a cikinsa ba.

A ido ƙaramar magana ce, amma tana da nauyi. Damagaram ta yi suna a fannin girki a faɗin Nijar, alkakinta da nakiyarta da kilishinta na cikin tsarabar da ake jira daga wanda ya dawo daga gabas. To amma baƙon da aka tura gidan abinci mai allo a ƙofa da takardar jerin abinci a kan tebur, abin da zai tarar shi ne shinkafa da miyar tumatir, maka, soyayyen dankalin turawa, kaza ko zabo, wani lokaci acheke. Abinci ne mai kyau, sai dai irinsa zai samu a Yamai, a Kwatano ko a Wagadugu. Ya kwana uku ya koma gida yana cewa zuzuta Damagaram kawai ake yi. Alhali ƙila taku ɗari ne tsakanin masaukinsa da tukunyar da ta sa garin ya yi suna, ba wanda ya nuna masa ƙofar.

Garin da kowane baƙo ke da mai masauki

Dalilin yana cikin tarihin garin. Zinder ta tashi ne gida biyu. Akwai Birni, inda fadar sarki take, cikin ganuwar da Sarki Tanimu ya kewaye garin da ita a tsakiyar ƙarni na 19. Akwai kuma Zango a arewa, inda ayarin Buzaye da fataken Hausa da Larabawan Gadamas da Tarabulus ke sauke kaya a kan hanyar da ta haɗa Kano da Agadas har bakin tekun Bahar Rum. A irin wannan zango fatake ba sa neman gidan abinci. Kowannensu yana da fatomansa, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya samo masa mai saye, sannan a fito masa da akushi daga cikin gida safe da dare. Ciyar da baƙo wani ɓangare ne na ciniki da amana, kuma da shi ake auna girman attajiri irin su Malam Yaro, wanda sunansa ya game Zango a ƙarshen wancan ƙarni.

Ayari ya daina zuwa, amma ɗabi'ar ba ta tafi ba. Har gobe magidanci mai kamun kai a Damagaram ba ya son a gan shi a kan benci yana cin tuwon saye, ana ganin wannan na gwauro ne ko direba ko matafiyi. Wanda ya yi baƙo kuma ya kai shi restora, sai a tambaya ko gidansa ba a ɗora tukunya ne. Shi ya sa hannayen da suka fi iya girki ba su taɓa neman allo ba. Matan aure ne a cikin gidajensu, suna dafawa don iyali da biki, suna kuma sayar da wani kaso ta ƙofar zaure ko ta hannun yara. Unguwa ta san su da laƙabinsu, mai waina, mai dambu, mai alkaki, amma ba wata taswirar intanet da ta san da zamansu.

Gidan abinci irin na zamani kuwa ta wata hanya ya shigo. Faransawa sun kama garin a 1899, suka mai da shi babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926, kafin a koma Yamai. Tare da su aka samu ma'aikata da sojoji da kukoki daga Dahome, Togo da Senegal, mutanen da ba su da gida a garin, dole su sayi abinci. Restoran yau jikan wannan zamani ne, shi ya sa jerin abincinsa ya fi kallon bakin teku a kan Birni.

Abin da baƙo ke rasawa ba kaɗan ba ne, domin tukunyar Damagaram hanya uku ta haɗa. Akwai ta Hausa, tuwon hatsi da miyar kuka ko kuɓewa, da daddawar batso wadda ake yi da ƴaƴan yakuwa, da fura. Akwai ta Barno, tun da gidan sarautar asalinsa Barebari ne kuma ya daɗe yana kai gaisuwa Kukawa: daga nan burabusko ya fito, tsakin hatsi da ake dafawa ya yi warwar, a ci da miya mai yauƙi ko ta ganye da man shanu. Akwai kuma ta hamada, wadda ake danganta abincin alkama da ita, alkaki da gurasa da taliyar hannu, ga dabino da cukun makiyaya. Kayan haɗin ma kusan duk daga kewaye suke zuwa: hatsi daga Damargu, rake daga Matamai da Kance, kayan lambu daga Miriya da Gidimuni, tattasai daga Difa, kanwa da gishiri daga Manga, banda daga yankin tafkin Chadi.

A faɗi sa'a kafin a faɗi wuri

Kuskuren farko da mai ba da shawara ke yi shi ne ya ambaci wuri bai ambaci lokaci ba. A Zinder abinci yana da sa'arsa, kuma wurin da ya cika da mutane ƙarfe bakwai na safe, zuwa ƙarfe goma ba abin da ya rage sai toka da duwatsun murhu.

Da safe, daga fitowa sallar asuba zuwa hantsi, lokacin koko ne da ƙosai da waina. Wainar da aka kwaso daga tanda yanzu-yanzu, gefenta ya yi ƙamas cikinta da laushi, ba ta da dangantaka da wadda ta yini a cikin roba. Wanda ya saba da karin kumallon Turawa yana da mai shayi a kowace kusurwa, da dogon burodinsa irin na Faransa da soyayyen ƙwai. Baƙin Najeriya sukan yi mamakin wannan burodi marar sukari, wasu kuma su mai da shi tsaraba.

Da rana ta take, fura ce sarauniya. Ba abin sha ba ne da ake kora abinci da shi, ita ce abincin ranar mafi yawan mutane, a gari da ƙauye. Fura mai kyau ana gane ta da ƙamshin citta da kanumfari da masoro, da nonon da bai yi tsami har ya ɗaure baki ba. A wannan lokaci ne kuma ake samun shinkafa da wake da mai da yaji, ɗan wake, da dambu da zogale, musamman a kewayen kasuwar Dole da tashoshin mota da ƙofar ma'aikatu. Wanda ya zo ƙarfe uku na rana yana neman dambu, ƙanzo zai samu.

Nama na yamma ne. Bayan la'asar mahauta ke hura wuta, kuma daga nan zuwa bayan isha'i ne tsire da balangu ke kan ganiyarsu. Damagaram gari ne na dabbobi, a kan hanyar da shanu da tumaki ke bi daga arewa zuwa kasuwannin Najeriya, don haka nama a nan ba baƙon abu ba ne. Mahauta ma ba ƙananan mutane ba ne a garin: suna da Sarkin Fawa, suna da makaɗansu, kuma su ne masu hawan ƙaho, wasan da ake tunkarar bijimi da hannu, wanda garin ya yi suna da shi. Abin da ya kamata a gaya wa baƙo shi ne ya tsaya a yanka masa a gabansa, ya faɗi ko rago yake so ko sa, ya kuma ce a zuba yaji a gefe.

Tuwo kuwa, wanda shi ne ainihin abin da ya kamata baƙo ya ɗanɗana, sai bayan magariba. Akwai masu tuwon saye a unguwanni, wasunsu sun shekara da shekaru a wuri guda. Amma gaskiyar magana, tuwon da miyarsa ta ji man shanu da daddawa, da burabuskon da aka yi don a burge, a gida ake cin su. Mai masaukin da ke son a san garinsa, gara ya sanar da uwargida tun da safe cewa akwai baƙo da dare, da ya kwashe shi zuwa wurin da za a kawo masa kaza da dankali.

A kan wannan sai a ƙara kalandar gari. Ranar Alhamis ce babbar kasuwar Zinder, ranar da ƙauyuka ke shigowa da nono da man shanu da kaji da zuma. Ranar Lahadi ta Miriya ce, kilomita 18 gabas da birnin, garin lambu da tukwane, kuma ya cancanci a kai baƙo. Ranar Juma'a da tsakar rana kusan komai yana tsayawa. Da azumi kuwa tsarin gaba ɗaya juyewa yake: da rana baƙon da ba ya azumi otel kawai zai dogara da shi, amma daga shan ruwa titi ya cika da kunu da ƙosai da soye-soye har dare ya raba.

Wane ne baƙon?

Kuskure na biyu shi ne a bai wa kowa amsa ɗaya. Zamanin da Turawa ƴan yawon buɗe ido ke ratsowa daga Agadas da littafin jagora a hannu ya wuce tun wajen shekarar 2010, lokacin da matsalar tsaro ta rufe hanyoyin hamada. Baƙin yau ma'aikata ne da ke zuwa taro, jami'an ƙungiyoyin agaji, masu aiki da matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011, ɗalibai, direbobi, ƴan kasuwar Kano da Daura, da dangin da suka zo biki ko gaisuwa. Buƙatunsu ba ɗaya ba ne.

Mutumin Kano, wanda kilomita wajen 240 ne tsakaninsa da gida, ba a burge shi da tsire ko waina. A nuna masa burabusko, cuku, da fura irin ta nan. Abin da ya fi buƙata ma shi ne a koya masa lissafin kuɗi, don kada ya ji kunya a gaban mai abinci. A Nijar da dala ake ƙirga, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Idan mai waina ta ce “ashirin”, sefa 100 take nufi. “Hamsin” sefa 250 ce, “ɗari” sefa 500, “jika” kuwa sefa 1.000. Baƙo da yawa sun ji “ɗari” sun miƙa sefa 100, aka yi ta kallon-kallo.

Ma'aikacin da ya zo taron kwana biyu, wanda ke da awa ɗaya tsakanin zama da zama kuma yana buƙatar rasit, restora ne ya dace da shi, ba laifi a ce masa haka. Mace da ta zo ita kaɗai ba za ta sake a kan bencin mai tsire da dare ba, inda maza ne zalla. Ya fi a saya a kai mata, ko a haɗa ta da wata mace a unguwar. Mai ciwon sukari ko hawan jini kuma yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya, cewa alkaki a ruwan sukari ake tsoma shi, kuma miyar saye ba a yi mata rowar gishiri da magi.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a faɗa ko da ba ta da daɗin ji. Sau da yawa ɗan gari ba wurin da ya fi kyau yake ambata ba, wurin ƴar uwarsa ko abokinsa yake ambata. Taimakon dangi ba aibi ba ne, amma a faɗa wa baƙo haka, ya zaɓa da saninsa. Tambayar da baƙo zai yi ya tsira ita ce: kai ina kake saye idan uwargida ta yi tafiya?

Maganar ruwa

Nan ne shawarar ke zama amana, domin cikin mutum ake magana. Zinder a kan dutse take zaune, wanda ya ga manyan duwatsun da ke tsakiyar Birni ya ga dalilin. Ƙarƙashin garin ba ya riƙe ruwa, sai an jawo shi daga nesa, daga Gogo da Machaya a kudu, da Arunguza da Ganaram a arewa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, famfo kan ƙafe a wasu unguwanni, kuɗin jarka a hannun ƴan garuwa ya tashi. Mai abincin da ke sayen kowace jarka daga cikin ribarta, dole ta yi tsimi, kuma inda ake fara tsimin shi ne ruwan wanke kwano.

Ba a faɗi haka don a ɓata sana'ar kowa ba. Amma annobar amai da gudawa ta 2021, wadda ta shafi jahohin Maraɗi da Damagaram, ta tuna wa kowa cewa ruwa da abincin saye ba abin wasa ba ne. Ɗan gari cikinsa ya saba da abubuwa da dama da za su kwantar da baƙo kwana uku. Don haka wanda zai ba da shawara ya dubi abin da ido ke iya gani. Abincin daga wuta yake fitowa ko ya daɗe a ajiye? A rufe yake? Mutanen unguwa suna layi, har tukunya ta ƙare da wuri? Ruwan wanke kwano ana canja shi? Abin da aka soya ko aka gasa a gaban mutum ya fi aminci. Abin da ya fi haɗari shi ne wanda ba ya ganin wuta: ɗanyen salati, ƙanƙarar da ake jefawa cikin fura ko zoɓo, da ruwan da aka dama furar da shi. Baƙo zai iya sayen ƙwallon fura da nono ya dama da ruwan da ya amince da shi, ba mai jin haushi.

Kada kuma a ɗauka cewa wuri mai tebur da fanka ya kuɓuta. Abin da ke kare restora shi ne firji, firji kuma sai da wuta. Wutar Zinder wani babban kasonta daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina, kuma kowa ya ga abin da ya faru lokacin da aka yanke ta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. A ranar da wuta ta yini tana ɗaukewa, naman da mahauci ya yanka da safe ya gasa da yamma ya fi kifin da ya narke ya sake daskarewa sau biyu.

Ƙofar gida ko farantin talla

Idan an yarda cewa abincin garin na ainihi a cikin gidaje yake, to akwai tambayar yadda yake fitowa. A al'ada ta hannun yara mata yake fitowa, da faranti a kai, zuwa tasha da kasuwa da bakin titi, wani lokaci har dare. Yarinyar da ke talla ƙarfe goma na safe ba ta cikin aji, duk da dokar da gwamnati ta sa wa hannu a Disamban 2017 don kare karatun ƴa mace. Ƙin saye ba ya mai da ita makaranta, ribar uwar kawai zai rage. Amma mai masauki yana da zaɓin da ya fi: ya aika gidan kai tsaye, ko ya karɓi lambar matar ya yi oda. Wayar hannu ta sauya abubuwa da yawa a nan. Mata da dama yanzu ta WhatsApp suke karɓar odar alkaki da dubulan da dambun nama, a biya su ta Nita ko Al Izza, ɗan kabu-kabu ya kai kayan, wani lokaci har a sa su a motar Yamai.

Hukumar birni da ta yawon buɗe ido suna da aiki marar tsada a nan. Bikin Zinder Sabuwa na 18 ga Disamban 2018 ya nuna cewa garin na iya karɓar dubban baƙi a lokaci guda, kuma ya bar tituna da gine-gine. Jerin masu abincin da jami'an tsafta suka duba, unguwa-unguwa a gundumomi biyar na birnin, da abin da kowacce ke dafawa da sa'ar da take fitarwa, takarda ɗaya ce da za a iya liƙawa a tashoshin mota da otel-otel. Kuɗinsa bai kai na kwalta mita goma ba.

Tsaraba

Saura abin da baƙo zai koma da shi. Alkaki da nakiya da dubulan asalinsu kayan gara ne, abin da dangin amarya ke kai wa gidan ango, shi ya sa masu iya su ba su da yawa kuma ba kullum suke yi ba. Alkaki aikin kwana biyu ne: a kwaɓa barzajjen alkama, a bar shi ya tashi, a murza a naɗe, a soya, sannan a tsoma cikin ruwan sukari ko zuma da aka sa wa tsamiya ko lemun tsami. Wanda ke son mai kyau sai ya yi oda tun ranar da ya iso. Nakiya, wadda ake daka shinkafa da sukari da kayan ƙamshi da man shanu, ta fi kowanne jure ajiya, tana yin watanni.

Kilishi kuma iri uku ne a Nijar, kuma ya kamata baƙo ya san sunayensu kafin ya tsaya gaban mai sayarwa. Akwai ja da fari, waɗanda ake shafa wa labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan yaji, bambancinsu launi da ƙarfin yaji. Akwai rumuzu, wanda ba ya shan labu, mai da gishiri da ɗan yaji kawai ake sa masa, kuma shi ne ke nuna ko naman na kirki ne. A ƴan shekarun nan an yi wa sunan “Kilishin Nijar” rajista a hukumar OAPI da ke Yawunde, tare da albasar Galmi, don kare shi a kasuwannin waje. Mai kyau yana karyewa da ƙara, ba ya lanƙwasa, ba ya kuma warin tsohon mai. A naɗe shi a takarda, domin leda tana sa shi gumi ya yi laushi a hanya. Tun da motocin Yamai da asuba suke tashi, kafin ko mai koko ta fito, sayayyar ta jajibirin tafiya ce, bayan la'asar, lokacin da ake sauke sabon gashi daga wuta.